Direba da Kwandasta: Ina Gado Ya Tsaya a Sha'anin Motsa Jiki?

A shekarun da suka biyo bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ciwon zuciya ya riƙa ɗauke magidanta a Ingila, likitoci kuwa suka rasa gane musabbabinsa. Sai wani likita mai suna Jeremy Morris ya sa ido a kan motocin haya masu hawa biyu da ke zirga-zirga a birnin Landan. Kowace mota tana da ma'aikata biyu: direba, wanda ke wuni a zaune, da kwandasta, wanda ke wuni yana hawa yana sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Morris ya bi diddigin lafiyar ma'aikata kusan 31,000, kuma a 1953 ya buga sakamakon a mujallar Lancet. Ciwon zuciya ya fi kama direbobi, in ya kama su kuma ya fi saurin kisa.

Da jin wannan sai a ce an gama magana, zama ne ke jawo cuta. Amma Morris bai yi saurin gamsuwa ba. Ya je ya binciko takardun awon kayan aiki da ake ɗinka wa ma'aikatan, sai ya tarar ƙugun wandon direbobi ya fi na kwandastoci faɗi, hatta a cikin matasansu da ba su daɗe da kama aiki ba. To, kujerar ce ta lalata musu zuciya, ko kuwa dama mutanen da jikinsu ya karkata ga ƙiba da son zama ne suka zaɓi kujerar? Shekara saba'in ke nan ana jan wannan tambaya, kuma ita ce ta kai masana ga ilimin ƙwayoyin gado.

Hanya mafi tsufa ta auna ƙarfin gado ita ce nazarin tagwaye. Akwai tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, waɗanda ƙwayoyin gadonsu kusan iri ɗaya ne sak, akwai kuma waɗanda suka fito daga ƙwai biyu, waɗanda kamarsu ba ta wuce ta wa da ƙani ba. Idan Hassan da Hussaini masu kama ɗaya sun fi dacewa da juna a wata ɗabi'a fiye da tagwaye marasa kama, alama ce ta cewa gado yana da hannu. A 2006 aka fitar da wani nazari da ya haɗa tagwaye fiye da haihuwa 37,000 daga ƙasashe bakwai, shida a Turai da kuma Ostireliya. An gano cewa, a yawancin ƙasashen, tsakanin kashi 48 zuwa 71 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen yin motsa jiki yana da nasaba da gado.

A nan ake yawan yin kuskuren fahimta. Wannan adadi ba ya nufin rabin kasalar wani mutum daga ubansa ya gada. Yana magana ne a kan bambancin da ke cikin al'umma guda, a wani zamani, cikin wani yanayi. A ƙasar da kowa ke da mota da lif, wanda ya fita gudu da asuba son ransa ne ya fitar da shi, don haka halin da aka haife shi da shi zai fito fili. A ƙauyen da dole kowa ya je gona ya ɗebo ruwa, mai so da marar so duk sai sun motsa.

Ko a dabbobi an ga hannun gado a son motsa jiki. Tun 1993 wani masani a Amurka, Theodore Garland, ya soma zaɓar ɓerayen da suka fi son gudu a kan ƙarfen juyi yana haɗa su barbara. Bayan an yi ta haihuwa ana maimaitawa, sai aka sami zuriyar da ke yin gudu kusan ninki uku na sauran, babu mai kora. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Mu da muka saba da gwajin jini kafin aure saboda cutar sikila, idan aka ce gado, tunaninmu kan tafi ga abu guda: AA, AS ko SS. Ƙwaya ɗaya ce a can, kuma hukuncinta a fili yake. Son motsa jiki ba haka yake ba. A 2022 mujallar Nature Genetics ta buga binciken da ya tattara bayanan mutum fiye da 700,000, aka gano gurabe 99 a cikin ƙwayoyin halittar ɗan Adam da ke da alaƙa da yawan motsi ko yawan zama gaban talabijin da makamantansa. Kowane gurbi tasirinsa ɗan mitsitsi ne. Wasu sun shafi tsoka, amma da dama cikinsu a ƙwaƙwalwa suke aiki. Wannan, a ganina, shi ne abu mafi ban sha'awa a cikin lamarin. Akwai wanda in ya yi gumi sai ya ji garau, zuciyarsa fari ƙal, akwai kuma wanda babu abin da yake ji sai wahala tsagwaronta. Mun daɗe muna kiran na biyun rago, alhali wataƙila ladan da jikinsa ke ba shi ne bai taka kara ya karya ba.

Ribar ma ba ɗaya ba ce. A shekarun 1990 Claude Bouchard da abokan aikinsa suka ɗauki iyalai a Amurka da Kanada, mutanen da ba su saba motsa jiki ba, suka ɗora su a kan keken atisaye sau uku a mako har mako 20. Horo iri ɗaya, a gaban masu sa ido. Da aka auna yawan iskar da jiki ke iya sarrafawa, wasu sun ƙaru sosai, wasu kuwa kamar ba su taɓa hawa keken ba. Kuma abin gida-gida ya bi: kusan rabin bambancin na gado ne. Sai dai wanda numfashinsa bai ƙaru ba yakan sami sauƙi ta wata fuskar, ko a hawan jini ko a sukarin jini.

Yanzu mu koma ga kacici-kacicin wandon direbobi. Ta yaya za a raba zare da abawa? Masana sun ɓullo da wata dabara mai kyau. Ƙwayoyin gado tamkar ƙuri'a ake raba su tun ranar da aka ɗauki cikin mutum, kafin ya san arziki ko talauci, kafin ya fara shan taba ko wata cuta ta kwantar da shi. Saboda haka idan aka ware mutanen da ƙuri'ar ta ba su ɗan ƙarin son zama, aka ga sun fi kamuwa da wata cuta, da wuya a ce cutar ce ta zaunar da su. Da wannan dabara, wani bincike na 2020 a kan mutum fiye da 400,000 a Birtaniya ya nuna cewa ƙarin awa ɗaya da rabi na kallon talabijin a kullum yana tafiya da ƙarin haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya da kashi 44 cikin 100. Wasu bincike irinsa sun nuna yawan motsi yana rage haɗarin sankarar mama da ta hanji, da kuma ciwon damuwa. Dabarar tana da nata rauni, domin ƙwaya ɗaya takan shafi abubuwa da yawa, kuma wani ɓangare na amfanin ta hanyar rage ƙiba yake biyowa. Duk da haka, ta ƙara wa maganar Morris nauyi.

Abin da ya fi shafar mai karatu shi ne yadda motsi ke rage kaifin mugun gado. A 2007 aka gano wata ƙwaya da ake kira FTO. Wanda ya gaji wani nau'inta daga uwa da uba yakan fi sauran mutane nauyi da kimanin kilo 3. A 2011 aka haɗa bayanan manya fiye da 218,000, sai aka ga tasirin wannan ƙwaya a kan ƙiba ya ragu da kashi 27 cikin 100 a wurin masu motsa jiki. A 2018 kuma masana a Jami'ar Stanford suka duba mutanen da gadonsu ya fi jefa su cikin haɗarin ciwon zuciya, suka tarar masu ƙarfin numfashi da juriya a cikinsu haɗarinsu ya yi ƙasa da kusan rabi. Wanda ya ce ciwon suga ko hawan jini a gidansu yake, don haka wahalar banza zai yi, ya karanta lissafin a baibai. Shi ne ma ya fi kowa abin da zai samu.

Akwai gyara guda. Mafi yawan waɗanda aka yi waɗannan bincike a kansu Turawa ne, alhali Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin ƙwayoyin gado. Ba lalle ne kowane adadi ya zauna daidai a kanmu ba, kuma duk kamfanin da ya ce zai gwada yawun mutum ya faɗa masa irin wasan da ya dace da shi, a rage masa kuɗin da yake nema. Amma muna da shaida daga kusa. Wani bincike da aka buga a 2016 ya kwatanta 'yan Gana mazauna karkara, da na birane, da waɗanda suka koma Turai. A cikin mata, ƙiba mai tsanani ta kama kashi 8 cikin 100 a karkara, kashi 34 a birane, kashi 54 a Landan. Mutane iri ɗaya ne; abinci da yanayin zama ne suka sauya.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar yin minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, irin wanda zai sa numfashi ya ɗan ɗaga amma ana iya magana. Tafiya da sauri ta shiga ciki, haka tuƙa keke, da noma, da daka. Ƙididdigarta ta nuna a 2022 kusan kashi 31 cikin 100 na manyan duniya ba sa cika wannan mizani.

Morris ya rasu a 2009 yana da shekara 99, kuma bai daina motsa jiki ba har cikin tsufansa. Tsoffin motocin da ya yi nazari a kan irinsu kuwa, an janye na ƙarshensu daga hanyoyin yau da kullum a ƙarshen 2005. Yau fasinja a Landan kati yake dangwala wa na'ura a bakin ƙofa, ma'aikaci ɗaya ne ya rage a cikin motar, shi ma a zaune.