Dashen Haƙori Ga Wanda Ƙashin Muƙamuƙinsa Ya Zaizaye

Da yawanmu na ɗauka in haƙori ya fita, illarsa giɓi ce kawai. Abin ya wuce nan. Ƙashin da ke riƙe da saiwar haƙori da aikin tauna yake rayuwa, ranar da haƙorin ya tafi kuwa sai jiki ya fara janye shi. Wani bincike da aka yi a Denmak, aka wallafa a 2003, ya nuna faɗin ƙashin wurin kan ragu da kusan rabi cikin shekara guda, mafi yawansa a wata ukun farko.

Dubi dattijon da ya shekara ashirin da haƙoran roba. Da farko sun zauna daram. Yau in ya buɗe baki zai yi magana sai su motsa, leɓɓansa sun lotsa ciki, tsire da rake sun zama sai kallo, in an kawo abinci a taron biki sai ya ce ya ƙoshi alhali kunya ce ta hana shi. Tudun ƙashin da robar ke hawa ne ya baje.

Dashen haƙori na zamani ya samo asali daga Per-Ingvar Branemark, likita ɗan Suwidin, wanda ya gano ƙashi mai rai na manne wa ƙarfen titaniyam har su zama kamar abu ɗaya. A 1965 ya dasa wa mutum na farko a birnin Gotenbag. Sai dai dashen nan ɗan ƙarfe ne mai murɗi, tsawonsa kusan milimita 10, ana huda ƙashi a ɗaura shi ciki. Wanda ƙashinsa ya koma siriri ko ya yi ƙasa, ina za a ɗaura? A muƙamuƙin sama akwai kogon iska kusa, a na ƙasa akwai jijiyar da in an taɓa ta leɓe ke mutuwa.

Likitoci kan yanko ƙashi daga ƙugun majiyyaci su ƙara a baki, a jira watanni ya kama, wani lokacin ma jiki ya sake shanye wani ɓangarensa. Akwai kuma dogon dashe da ke kaiwa milimita 50, wanda ake kafewa a ƙashin kunci.

Hanya ta uku ita ta fi jan hankalina, domin ta juya lissafin: a bar ƙashi yadda yake, a ƙera ƙarfe daidai da shi. Bambancinsa da na kullum kamar na ɗinkin tela ne da rigar kanti. Tunanin ba sabo ba ne, Gustav Dahl, shi ma ɗan Suwidin, ya kawo shi tun shekarun 1940. A wancan zamani sai an tsaga dasashi an ɗauki zanen ƙashin tsirara, a zuba ƙarfe a maƙera, sannan a sake tsagawa a ɗora. Sau da yawa bai zama daidai, ya yi ta motsi, wurin ya ruru, har likitoci suka yi watsi da shi.

Kwamfuta ce ta farfaɗo da shi. Yanzu hoton CT ake ɗauka, siffar muƙamuƙin ta fito a allo da kowane lungu nata. Likita da injiniya su zauna su zana wani firam da zai kwanta a kan ƙashin, su miƙa rassansa zuwa inda ƙashi bai cika zaizayewa ba, wato gefen hanci da gindin kunci. Daga nan na'ura ta shimfiɗa garin titaniyam, hasken leza ya narka shi shimfiɗa bayan shimfiɗa har firam ɗin ya tashi. Tiyata ɗaya ake yi: a ɗaga dasashi, a kwantar da shi, a kafe da ƙananan kusoshi, a ɗinke, a bar 'yan sanduna a waje da haƙora za su hau. Maurice Mommaerts a Beljiyam da Nils-Claudius Gellrich a Hanoba ta Jamus na cikin waɗanda suka yi fice a wannan aiki.

Amma kada a ruɗe mu. Sabon salon bai daɗe ba, don haka shaidar yadda zai kasance bayan shekara ashirin ba ta taru ba tukuna. Matsalarsa da aka fi gani ita ce dasashi ya janye ƙarfe ya leƙo, ƙwayoyin cuta su sami mafaka. Mai shan taba, da mai ciwon sukarin da bai saitu ba, da wanda aka yi wa gashin ciwon daji a fuska, haɗarinsu ya fi yawa. Ga tsada kuma.

Mu a nan ba tsufa kaɗai ke cin muƙamuƙi ba. Akwai haɗarin babur, akwai ƙarin da ke girma a ƙashin baki har sai an yanke, akwai cutar noma mai cin fuskar yara, wadda Sakkwato ke da asibiti na musamman dominta tun 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2023. Irin waɗannan majiyyata gyaran nama da ƙashi suke fara bukata, yaro kuma ba a yi masa dashe sai ya gama girma. Bayan nan ne ƙarfen da aka ƙera don mutum ɗaya zai iya mayar masa da tauna, shi ya sa ya kamata asibitocin koyarwarmu su sa ido a kan fasahar.

Wanda aka ce masa ba shi da ƙashin da zai riƙe dashe, ya nemi ganin likitan tiyatar baki da muƙamuƙi, a ɗauki hoton CT kafin a yanke hukunci. Wanda kuwa haƙoransa ke nan, in dasashinsa na jini ko haƙori ya fara girgiɗi, ya je asibiti tun yanzu, kada ya jira sai ya kai ga cirewa.