Abubuwan da ya kamata ka sani game da kumburin jijiyar haƙori da maganin da kake sha

A Gidan Sori, kamar sauran garuruwan yankin Gidan Rumji, Agye da Gazawa, wanda haƙori ya hana barci kan fara da mai tallan magani a kasuwa. Kafin a miƙa kuɗi, yana da kyau a san abin da ke faruwa cikin haƙorin.

Me ke cikin haƙori?

A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan nama mai taushi da ake kira ɓargon haƙori, ko jijiyar haƙori. Cike yake da hanyoyin jini da jijiyoyin jin zafi, ga shi bango mai tauri ya kewaye shi ta ko'ina. Idan fatar hannu ta kumbura tana da wurin tasowa. Ɓargon haƙori kuwa sai ya zama kamar ƙafar da ta kumbura cikin matsattsen takalmi: jini na ƙaruwa, wuri bai ƙaru ba. Shi ya sa zogin ke tsananta da dare in an kwanta.

Yaya matsi ke kawo kumburi?

Ba kogon haƙori kaɗai ke tayar da shi ba. Cizon haƙora cikin barci, buɗe kwalba da baki, fasa ƙashi ko busasshiyar aya, tauna tsakuwa cikin wake, har da wayar da likita ke ɗaurawa don daidaita haƙora, duk matsi ne. Ƙwayoyin halittar ɓargon na jin wannan danniya, sai su saki sinadaran kumburi, musamman wanda ake kira furostagilandin. Shi ke buɗe hanyoyin jini, ya sa jijiya ta riƙa jin ko ruwan randa kamar wuta.

Ina magani ke shiga?

A 1971 masanin Ingila John Vane ya gano cewa asfirin na hana jiki ƙera wannan sinadari, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1982. Haka ibufurofen da dikulofenak suke aiki, don haka sukan fi farasitamol tasiri a ciwon haƙori. Shi farasitamol yana rage zafi amma bai cika taɓa kumburi ba. Sai dai kuma, ga mai waya a haƙora abin kan juye: gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna magungunan kumburi na rage saurin matsawar haƙori, domin da wannan sinadarin ƙashin muƙamuƙi ke ba haƙori hanya. Shi ya sa likitoci da dama suka fi ba irin waɗannan farasitamol.

Magani dai yana kwantar da ƙwayoyin halittar ɓargon ne, ba ya ɗauke abin da ke danne su. Muddin matsin ko kogon na nan, da ƙarfin maganin ya fita ciwo zai dawo.

Kanumfari da iyayenmu ke cusawa a kogo ba camfi ba ne, man da ke cikinsa na kashe zafi, likitocin haƙori ma na amfani da shi. Amma idan ya yi yawa a kan ɓargon da ya bayyana, yana kashe ƙwayoyin halittarsa. Ɗora asfirin a kan dasashi kuwa ƙona shi kawai yake yi.

Amoksisilin fa?

A ganina nan aka fi asarar kuɗi. Ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta bayyana a 2019 cewa baligi mai lafiya da ke fama da kumburin ɓargo kaɗai ba ya bukatar maganin kashe ƙwayoyin cuta irin amoksisilin, aikin likita yake bukata. Ana ba da shi ne idan cutar ta bazu, ga zazzaɓi, ga kumburin fuska.

Wa ya kamata ya yi hattara?

Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, da mai juna biyu, musamman daga wata 6, su nisanci ibufurofen da dikulofenak. Kada kuma a haɗa su biyun.

Idan ciwo mai tsanani ya ɗauke haka kawai, mai yiwuwa ɓargon ne ya mutu, mugunya na iya taruwa a saiwar haƙorin. Wanda kuncinsa ya kumbura, ko ya kasa buɗe baki ko haɗiye yawu, ya je likita mafi kusa a ranar, in an tura shi Maraɗi kada ya jira ranar kasuwa.