Komawa Karar Maigatari Bayan Rasuwar Amini

A ƙasar Gumel kabari ba ya daɗewa da alama. Damina biyu ko uku, ruwa da iska sun baje tudun rairayin. Shi ya sa wanda kewar amininsa ta dama, bayan ziyarar maƙabarta da addu'a, ƙafarsa kan kai shi inda marigayin ya saba zama.

Ga mutane da yawa a Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar, wurin nan kasuwar Maigatari ce mai ci ranar Alhamis, inda shanu, raƙuma da dawakai ke shigowa daga Nijar, ana lodin riɗi da zoɓo a gefe. Aminina, Allah ya jiƙansa, malamin makaranta ne, ko akuya bai cika saya ba, amma in ya samu hutu, rumfar wani dillali a bakin kara ce majalisarsa. A can yake da abokan Dungas, Magarya da Damagaram, irin zumuncin da ya girmi iyakar da Turawa suka shata, domin ita kanta sarautar Gumel a Tumbi, a tsallaken iyakar, ta zauna kafin ta dawo inda take yau.

A nan ne komawar ta wuce kewa, ta zama nauyi. Wajen jana'iza akan yi shela: duk mai bin marigayi bashi ya zo ya faɗa. To, wanda ke tsallaken iyaka fa? An rufe iyakar a Agustan 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disambar 2020. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. A tsakanin nan an yi rashe-rashen da abokan hulɗa ba su ji ba sai bayan watanni. Cinikin kara kuwa na baka ne da amana, ba kasafai ake rubutawa ba. In amini bai taka ya je ya tambaya ba, wa zai gano ragowar la'ada, ko 'yan sefar da aka ranta don kuɗin mota?

Abin yana da tushe a addini. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa ba wani balaraben ƙauye jakinsa da rawaninsa a hanyar Makka, don kawai mahaifin mutumin masoyin Umar ne.

A ganina, mai niyyar komawa kada ya tafi shi kaɗai. Ya riƙo hannun babban ɗan marigayin, su yi sallama a rumfar, ya ce: "Alhaji, ga ɗan abokinku." A yi addu'a, a nemi yafiya, a tambayi bashi a gaban yaron, in akwai a biya kafin kasuwa ta tashi.