Masu Gyaran Ƙasa Kafin Tayil ɗin Roba

Tayil ɗin roba ba ya rufa wa ƙasa asiri. Kaurinsa yawanci bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, ga shi da laushi, don haka duk abin da ke ƙarƙashinsa sai ya bi shi ya fito da siffarsa. Ƙwayar tsakuwa ɗaya da tsintsiya ta tsallake, bayan 'yan watanni sai ta taso kamar ƙurji a tsakiyar falo. Tsagar da aka ce ai tayil zai rufe, ita ma dawowa take yi ta zana kanta a sama. Tayil na tangaran yana zama ne a kan kwaɓin siminti mai kauri, wanda ke haɗiye ƙananan ramuka da tudu. Na roba kuwa babu komai tsakaninsa da ƙasa sai siririn gam.

Shi ya sa a wannan sana'a shimfiɗar ita ce mai sauƙi. Yaro mai kai zai iya koyon liƙa tayil cikin ɗan lokaci. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin ƙasa, musamman ta tsohon gida da ta sha sawu, ta sha ruwa, ta sha faci a kan faci. Da yawa daga cikin waɗanda suka iya wannan aiki daga birkilanci suka fito, sun fara da ɗaukar kwanon sarki da kwaɓa siminti a ƙarƙashin wani oga, hannunsu ya faɗa da cokalin gini tun kafin su taɓa robar tayil.

Ranar farko mai aikin ba ya zuwa da tayil. Abin da ke hannunsa guduma ce, da renji mai tsawon kamar mita 2, da gawayi, da tocila, da leda, da salatif. Ya sa a kwashe kayan ɗaki, a ɗaga tsohuwar ledar ƙasa, sai ya tsuguna ya fara ƙwanƙwasa daɓen da ƙotar guduma, taku bayan taku. Inda siminti ya kama ƙasa da kyau sautin gajere ne, a dunƙule. Inda ya rabu da abin da ke ƙarƙashinsa sai ka ji amo na holoƙo. Nan zai zagaye da gawayi. Kafin ya gama, ɗakin da mai gida ke ganin tsaga biyu kawai gare shi ya cika da da'irori baƙaƙe. Duk abin da ke cikin da'ira fasawa za a yi, ko da samansa sumul yake, don ɓawo ne kawai, ranar da aka ɗora ƙafar gado a kai zai burma.

Daga nan sai renji. Ya kwantar da shi a ƙasa, ya juya shi gabas da arewa, ya sa tocila a bayansa. Duk inda haske ya ratso ta ƙarƙashi akwai kwari. Ƙa'idar da masu yin tayil ɗin ke nema ita ce kada gibin ya wuce kamar milimita 3 a tsawon mita 2. Mutanenmu ba sa yawo da abin auna milimita, tsinken ashana ya ishe su: in ya shige ƙarƙashin renji yana wasa, wurin na son ciko. Wasu kuma su rufe taga, su ajiye tocilar a ƙasa ta haska ɗakin a kwance, kowane ɗan tudu sai ya yi inuwa.

Babban abokin gabar wannan aiki shi ne danshi, kuma shi ne wanda ido bai cika gani ba. Ginin zamani, in an yi shi yadda ya kamata, ana shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankaren ƙasa, don ta tare ruwan da ke tasowa. Tsofaffin gidaje da yawa ba su da ita. A cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina za ka tarar da ɗakin da siminti ɗan siriri kawai aka shafa a kan tsohon daɓe. Wasu gidajen ma a kan kududdufin da aka cike aka gina su. Muddin daɓen a buɗe yake, danshin na fita ya bi iska, babu wanda ya sani. Da an rufe shi da roba sai ya rasa hanya, ya taru a ƙarƙashi, ya kwaso gishirin siminti ya cinye gam. Gefen tayil ya fara ɗagawa, baƙin ruwa na fitowa ta tsakani in an taka, ɗaki ya ɗauki warin ruma.

Gwajin da aka fi yi ba ya cin kuɗi. Ana yanka leda kamar santimita 45 kowane gefe, a shimfiɗa a ƙasa, a liƙe gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta ta kwana, aƙalla awa 16. Da safe a ɗaga. In cikinta ya yi gumi, ko simintin da ke ƙarƙashi ya fi na kewaye duhu, magana ta ƙare, ƙasar ba ta shirya ba. Sai dai gwajin nan rabin gaskiya yake faɗa. Ƙasar da ta ci jarrabawa a watan Maris, lokacin da komai ya bushe ƙayau, tana iya faɗuwa a Agusta. Saboda haka gwani ba ya tsayawa kan leda kaɗai. Zai duba gindin bango ko fenti na ɓarewa, ko akwai farin gishiri-gishiri. Zai leƙa bayan ɗakin ya ga ina kwata ta bi, ina indararo ke zuba, ko bangon banɗaki ne a jingine. Zai kuma tambayi matan gidan, don su suka san kusurwar da tabarma ke yin sanyi da damina.

In danshin daga ƙasa yake tasowa, zaɓin ba shi da daɗi. Ko a fasa daɓen gaba ɗaya a sa leda a sake zuba kankare, ko a sayi maganin shafawa mai toshe danshi, wanda ke da tsada, ko a haƙura da roba a sa tangaran. A ganina nan ake gane mai sana'a na ƙwarai, domin shawara ta uku tana nufin ya kori aiki daga hannunsa.

Akwai wani haɗari da ya kamata duk mai wannan aiki ya sani. A tsofaffin ofisoshi da asibitoci da gidajen ma'aikata ana cin karo da wani ƙaramin tayil mai faɗin inci 9, kusan santimita 23, mai saurin karyewa, an liƙa shi da baƙin gam mai kama da kwalta. Irin wannan tayil da aka yi kafin shekarun 1980, shi da gam ɗinsa, sau da yawa akwai asbesto a ciki. Yana zaune lafiya ba ya cutar da kowa. Amma in aka sa masa injin gurza, ƙurarsa na shiga huhu, ciwon kuma ba ya bayyana sai bayan shekara 20 ko 30 ko fiye. Ingila ta haramta asbesto gaba ɗaya a 1999. Idan tsohon tayil ɗin ya kama ƙasa daram, ya fi aminci a rufe shi da sabon shafi a bar shi inda yake. In dole sai an cire, a jiƙa shi, a ɗaga a hankali, kada a gurza, kada a share a bushe. Ƙyallen da yara ke ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan ƙura, ba ya ma tare ƙurar siminti ta yau da kullum yadda ake zato.

Sauran gyaran aikin hannu ne da haƙuri. Tsaga ba a cike ta yadda take, sai an faɗaɗa bakinta da kurfi, an hure ƙura, an jiƙa, sannan ciko ya samu wurin kamawa. Tsagar da ke ci gaba da buɗewa kuwa, wadda ta haura bango, matsalar tushe ce, ba ta mai tayil ba. Tsohon jan fenti, da man goge ƙasa, da baƙin man janareta, da manjan da ya shiga daɓen kicin, duk sai an kankare su, don gam ba ya kama maiƙo. Ramin gara sai an bi shi an zuba magani kafin a toshe. Ramukan da aka fasa a shafa musu ruwan siminti, a cike da kwaɓi na siminti 1 yashi 3, yashin kuma mai kaifi, marar laka. Akwai masu cika rami da garin POP don yana saurin bushewa. Wannan ha'inci ne, danshi kaɗan ke mayar da shi gari.

Yanzu a kasuwannin kayan gini irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Dei-Dei a Abuja, mai aiki kan nemi wani garin siminti na musamman da ake damawa ruwa-ruwa a zuba, ya malala ya daidaita kansa. Yana fitar da ƙasa sumul, amma ba ya yafe ganganci. Ruwansa a aune yake, in an ƙara don ya yi auki sai samansa ya yi gari. Kuma cikin kamar minti 20 zuwa 30 ya fara kamawa, don haka mai damawa da mai zubawa ba su da lokacin hira.

Sai jira, inda rigima da mai gida take. Siminti na son ruwa kafin ya yi ƙarfi, ana ba shi ruwa kamar mako guda, ƙarfinsa kuma ba ya cika sai wajen kwana 28. Gam kuwa ba ya son ganin ruwa ko kaɗan. Lissafin da magina ke bi shi ne kowane milimita ɗaya na kaurin shafi a ba shi kwana ɗaya ya bushe, wato shafi mai santimita 4 na neman wajen kwana 40. Zafinmu na iya rage kwanakin, amma iskar hunturu mayaudariya ce, takan busar da sama ta bar ciki a jiƙe. To, aikin ɗaki a ƙasar Hausa ba kasafai ake tashinsa da sauran wata biyu ba. Galibi an sa ranar biki ne, masu jere na tafe ranar Alhamis.

"Malam, ai ga shi ya bushe, taɓa ka ji."

"Ranka ya daɗe, samansa ne ya bushe. A ƙara mini kwana goma."

"Kwana goma? Amarya a ina za ta tare?"

Mai dabara yakan ba da mafita: a shimfiɗa ledar ƙasa ta wucin gadi ba tare da gam ba, a yi biki, bayan an watse a ɗage ta ƙasa ta sha iska, a dawo a sa tayil. Wasu su yarda. Wasu su kira wani wanda zai liƙa a daren, kuma ba a rasa mai liƙawa.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne yadda ake biyan kuɗin. Ciniki da mita ake yi, mitar tayil ɗin da aka shimfiɗa. Kwanakin fasa da ciko da jira ba su da mita, don haka mai gida yakan ɗauke su a matsayin gyara ne da ke cikin ciniki. Wanda aka biya haka, me zai hana shi tsallake su? Masu hankali a sana'ar sun koma raba ciniki biyu tun farko, kuɗin gyaran ƙasa daban, na shimfiɗa daban, kuma ba sa yanka na farkon sai an ɗaga tsohuwar leda sun ƙwanƙwasa. Kakanninmu mata da ke taruwa su yi daɓe da tsakuwa da madaɓi, suna yayyafa ruwan makuba suna waƙa, ba su da wannan matsala, don aikinsu shi ne saman da ake takawa, kowa na gani ya yaba.

Idan ƙasa ta shirya, sai a share, a sake sharewa, a bi da tafin hannu a ji ko akwai sauran ƙwaya. A shigo da kwalayen tayil su kwana ɗaya ko biyu a ɗakin, don roba na miƙewa da zafi tana tsukewa da sanyi. A ja zare a gano tsakiyar ɗaki, daga nan ake farawa, domin bangon tsohon gida ba ya miƙewa, yankakkun tayil gara su faɗa gefe inda kujeru za su ɓoye su. A shafa gam da cokali mai haƙora, a jira ya yi danƙo yadda ba zai biyo yatsa ba, sannan a fara ɗorawa ana dannawa. Bayan an gama, ba a wanke ɗakin da ruwa sai an yi 'yan kwanaki. Abin da ya rage wa mai aikin shi ne ya tsaya a bakin ƙofa ya roƙi masu jere, gwaggo da inna da ƙawaye, don Allah gado da sif a ɗaga su, kada a ja.