Kunun Bature a Kwanon Kawu

Wani kawuna da ke Roni, tsohon malamin firamare, ya dawo daga asibiti da takardar magani a aljihu da gwangwanin Quaker Oats a leda. An auna shi an ce jininsa ya hau, kitsen jinin ma ya ɗan zarce ƙa'ida, sai aka ba shi shawarar ya rage maiƙo da gishiri, ya riƙa karya kumallo da ots. Kwana uku ya yi yana bin doka. A na huɗu na tarar da shi a zaure ya tasa kwano a gaba, ya antaya sukari cokali huɗu, yana tsiyaya madarar nan mai kauri da zaƙi har ta kwanta a sama.

"Haba Kawu, ai ka rushe maganin," in ji ni.

"Kai dai bari, ɗan nan. Abin nan lami ne, kamar an dama maka takarda. In ba haka na yi masa ba, ba ya wuce maƙogwaro."

Gaskiyarsa ce. Ots da ruwan zafi zalla ba abincin da zai burge wanda ya tashi da kunun tsamiya da na gyaɗa ba ne. Sai dai inda ya nufa neman mafita, nan ne kuskuren yake, alhali mafitar tana cikin gidansa, a madafin matarsa.

Shi ots hatsi ne na ƙasashen sanyi. Rasha da Kanada ne kan gaba wajen noma shi, kuma ba zai yi daɗin zama a jigawar Babura ko Gwiwa ba, inda gero da dawa da wake ke sarauta. Shi ya sa duk wanda ka gani a kanti a Kazaure daga nesa ya taso, ya sha jirgi da mota, farashinsa kuma yana rawa da rawar dala. Abin da ya ɗaukaka shi a wurin likitoci wani sinadari ne da ake kira beta-gulukan. Shi ne wannan yauƙin da kake gani idan an dafa shi. In ya isa hanji sai ya yi kauri, ya riƙe wani kaso na ruwan ɗacin da hanta ke haɗawa daga kolestarol, ya fita da shi ta bayan gida. Dole hanta ta koma ta ɗebo wani kolestarol ɗin daga jini don ta sake haɗa sabo, a haka na cikin jinin yake ɗan raguwa. Tun a 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta a jikin kwali cewa giram 3 na wannan sinadari a kullum, tare da rage kitse, na iya rage haɗarin ciwon zuciya. Giram 3 ɗin nan kuwa sai mutum ya dafa abin da ya kai kimanin giram 75 na busasshen ots, ba ɗan cokali biyun da ake barbaɗawa don a yi ta lallaɓa gwangwani har ƙarshen wata ba.

To ga lissafin kwanon Kawu. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, in da hali ma a yi ƙasa da kashi 5, wato wajen giram 25, ƙaramin cokalin shayi shida. Kawu da babban cokali yake aunawa. Kafin hantsi ya cinye kason yini guda har da bashin gobe, ba a ma zo kan shayin la'asar ba. Masu komawa zuma ko mazarƙwaila su ma kada su saki jiki: ƙamshinsu ya fi, amma a wancan lissafi duk sukari ne.

Matar kawun nawa, wadda muke kira Inna, ita ta warware matsalar, ba tare da ta taɓa jin sunan beta-gulukan ba. Ta ɗanɗana, ta yatsina fuska, ta ce, "Malam, ai wannan ɗanye ne. Wa ya taɓa dama gari bai ji wuta ba, babu yaji babu tsami, ya ce zai yi daɗi?"

Abu na farko da ta yi shi ne ta ɗora busasshen kasko a wuta kaɗan, ta zuba ots ɗin ba mai ba ruwa, tana juyawa har ya fara sauya launi, gidan ya ɗauki ƙamshi irin na soyayyar gyaɗa. Zafi ne ke haɗa ɗan sukarin da ke jikin hatsi da furotin ɗinsa su haifar da sabon ƙamshi, irin abin da ke faruwa da ɓawon gurasa da gasasshiyar masara. Mintuna kaɗan ne, amma su suka raba "takarda" da abinci. Daga nan ta daka citta da kanumfari da 'yar masoro, irin haɗin da take yi wa gasarar koko, ta zuba tun ruwan yana tafasa. Kaso mai yawa na abin da muke kira ɗanɗano hanci ne ke jin sa, shi ya sa mai mura ke cewa komai lami ne. In ƙamshi ya cika, harshe ba ya ƙorafin rashin zaƙi sosai. Kirfa ma tana wannan aiki ga mai son ta.

Sai tsami. A nan ne nake ganin mun fi Turawa gwaninta nesa ba kusa ba. Ruwan jiƙaƙƙiyar tsamiya, ko garin 'ya'yan kuka da aka dama, ko ludayi biyu na kindirmo bayan an sauke, kowannensu yana farkar da kunu. Garin kukar yana da wata riba ta daban: yana ɗauke da bitamin C mai yawa, wanda ke taimaka wa jiki ya tsotse sinadarin ƙarfe da ke cikin hatsi, wanda jini ke bukata. Amma a zuba shi bayan kunun ya ɗan huce, don tafasa tana lalata bitamin ɗin. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana tare hanyar ƙarfen. Mai fama da ƙarancin jini gara ya jinkirta shayinsa zuwa sa'a guda bayan karin kumallo.

Maiƙo da zaƙi ba a hana su baki ɗaya ba, inda za a samo su ne abin dubawa. Jigawa ƙasar riɗi ce. Cokali guda na soyayyen riɗi, ko na markaɗaɗɗiyar gyaɗa kamar yadda ake yi wa kunun gyaɗa, ko dakakken ƙuli-ƙuli a sama don a sami abin taunawa, yana kawo garɗi, yana ƙara furotin, kuma yana sa kunun ya daɗe a ciki, ba ƙarfe goma ta yi mutum ya fara hamma ba. Gyaɗar dai a tsince ta da kyau. Wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar, domin gubar da ke cikinta tana cutar da hanta, kuma suya ba ta kawar da ita. Wajen zaƙi, dabino biyu ko uku da aka jiƙa aka mutsuke, ko rabin ayaba, ko mangwaro a lokacinsa, sun isa. Ruwan aya ma yana maye gurbin madara. Mai ciwon sukari dai ya ƙidaya dabinonsa, kada ya ce ai ɗan itace ne. Ya kuma sani cewa ots ɗin da aka murje ya yi laushi sosai, irin na zuba-ruwa-ka-sha, ya fi saurin ɗaga sukarin jini a kan mai manyan ƙwayoyi da sai an dafa. Wanda ya zo a ƙananan ledoji da ɗanɗanon kaza da kaza kuwa, galibi an riga an zuba masa sukari tun daga kamfani.

Akwai wani abin da ya tsaya min a rai ranar. A tsakar gidan da ake wannan hidima, an surfa gero, an wanke, an kai niƙa, an tace ƙullun da ƙyalle mai laushi, an ɗebi dusa da tsakin an zuba wa awaki. Wato abin da Kawu ya biya kuɗi masu yawa ya saya a gwangwani, hatsi da ɓawonsa da ƙwayarsa, irinsa ne ake juye wa dabbobi kowace safiya. Ba ina cewa gero daidai yake da ots ba ne. Gero ba shi da beta-gulukan ɗin kirki. Sha'ir, wanda ake yin talbina da shi, shi ne abokin ots a wannan fage. Amma geron da ba a yi wa surfe mai tsanani ba yana da harzar da hanji ke so, da ƙarfe, da sauran sinadarai, kuma jiƙon da ake yi masa ya kwana ya yi tsami yana rage abubuwan da ke hana jiki amfana da su. Ba banza ba Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. A maƙwabciyarmu Nijar, tun 2018 aka fitar da wani irin gero mai suna Chakti, wanda cibiyar ICRISAT ta inganta don ya fi yawan ƙarfe. Wanda gwangwani ya fi ƙarfinsa, ya rage surfe, ya yi amfani da rariya mai faɗin ido, ko ya haɗa rabi ots rabi garin gero. Kunun ma ya fi kama da na gida.

Kanwa ce kawai zan ce a yi hattara da ita. Tana da gishirin sodiyam mai yawa, ba ta dace da mai hawan jini ba. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi nazari kan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa tare da wankan jego da kwanciyar gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan, ciki har da ƙarancin sinadarin seleniyam, amma babu likitan da zai ce wa mai hawan jini ya ƙara kanwa.

Yara ma suna da nasu hukuncin. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai ne abincinsa, zuma kuma ba a ba wanda bai cika shekara ba. Bayan wata shida, babban aibin kununmu shi ne tsinkewa: cikin yaro ƙarami ne, sai ya cika da ruwa ba abin kirki. A dama da kauri, a sa gyaɗa ko garin soyayyen waken suya. In ya yi masa kauri da yawa, a barbaɗa ɗan garin tsiron gero ko dawa yana da ɗumi, sannan a sake tafasawa. Tsiron yana narkar da sitacin, kunun ya saki ba tare da an ƙara ruwa ba. Masu kunun zaƙi sun daɗe da sanin wannan dabara.

Da na koma Roni bayan sallah, na tarar gwangwanin ya ƙare, Inna ta mai da shi mazubin dakakken yaji. Kawu yanzu a leda yake sayen ots ɗin idan ya shiga Kazaure, ana haɗa masa da gero, ranar tsamiya daban, ranar gyaɗa daban. Maganinsa na asibiti yana nan yana sha. Na tambaye shi labarin sukari, sai ya waiga ya ga ko Inna na kusa, sannan ya ɗaga min yatsa ɗaya.

"Cokali guda," in ji shi. "Shi ma ƙarami take ba ni."