'Yancin Talaka: Daga Bakin Ɗan Takara Zuwa Kujerar Mulki

Tun ranar 8 ga Agusta 1950, da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kalmar 'yanci ta shiga bakin masu neman ƙuri'a a Arewa. 'Ya'yan jam'iyyar sun sha bulala da ɗauri a kotunan En'e, har Hajiya Gambo Sawaba ba ta tsira daga kurkuku ba. Abin da suke nema shi ne a bar talaka ya faɗi albarkacin bakinsa, kada a ɗaure shi sai da shari'ar gaskiya.

To, amma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, magajiyar NEPU, ta ci jihohin Kano da Kaduna. Gwamnoninta, Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali, waɗanda saboda su aka daɗe ana kama talakawa. Nan kam an cika alkawari.

Sai dai jam'iyyar da ta yi wa jama'a wa'azin 'yancin ra'ayi ta kasa jure saɓani a cikin gidanta. A 1980 ta rabu gida biyu, Santsi da Taɓo, aka kori gwamnonin nan saboda zaman da suke yi da gwamnonin wasu jam'iyyun adawa.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 1993. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, Rimi ya karɓi muƙamin Ministan Sadarwa a gwamnatin Janar Sani Abacha. Yana kan kujerar aka tsare Cif Abiola a 1994, aka kuma rufe jaridun Concord da Punch da Guardian. Amma a 1998 yana cikin manyan Arewa 18 da suka rubuta wa Abacha cewa kada ya gaji kansa, shi ma aka tsare shi.

Saboda haka mai ƙuri'a, a Zuru yake ko a Kano, bai kamata ya auna ɗan takara da zafin laccarsa ba. Ya dubi abin da ya yi ranar da aka tsare abokin hamayyarsa ba tare da shari'a ba, alhali yana da ikon magana.