Labarin Hanyar Ƙasa Daga Alƙahira Zuwa Suwais, Da Wanda Zai Iya Binta

Ku sani samari suna yawan tambaya game da hanyar da kakanni suka bi da ƙafa daga Alƙahira zuwa Suwais, wadda Larabawa ke ce wa Darbul Hajji. Waɗansu suna so su san zangunanta, waɗansu kuwa har sun ƙudura su taka ta don neman albarkar magabata. Saboda haka aka rubuta wannan takarda, domin a bayyana yadda hanyar take a dā, da yadda ta koma yau, da wanda take karɓa, da wanda take ƙi.

Fasali na farko: asalin hanya

Ku sani tsakanin Alƙahira da Suwais tafiyar kilomita 130 ce ko kusa da haka, gabas sosai, kuma mafi yawanta hamada ce ta tsakuwa da yashi. Ba kullum alhazan Masar suka bi ta ba. Zamanin da Nasara masu yaƙin gicciye suka riƙe ƙasar Sham, mutane sun bar hanyar Sina'i, suna hawan Nilu zuwa Ƙus, su ratsa hamada zuwa Aizab, su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Sai a zamanin Sarki Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, aka komo da ayari kan hanyar tudu, kuma tun daga zamaninsa mahmal ya zama al'adar sarakunan Masar. Daga nan ayari ya riƙa fita kowace shekara, har wajen shekara ɗari shida.

Mutanen ƙasashenmu, waɗanda Larabawa ke kira Takruru, sun daɗe a kan wannan hanya. A shekarun 1240 mutanen Kanem suka ba alƙali Ibn Rashiƙ dukiya, ya gina makaranta a Fusɗaɗ, ta zama masaukin alhazansu. Mansa Musa na Mali ya iso Alƙahira a 1324, zamanin Sarki Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun. Askiya Muhammad na Sangai ya ratsa Masar a tafiyar hajjinsa ta 1496 zuwa 1497. Malam Muhammad al-Kashinawi, mutumin Katsina, masanin hisabi, bayan ya yi hajji ya zauna Alƙahira har ya rasu a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, Allah ya jiƙansa. Ban da waɗannan da aka rubuta sunansu, akwai talakawa masu yawa da suka bi ayari da sanda da salka, ba wanda ya ƙidaya su.

Fasali na biyu: zangunan hanya

A ƙarshen zamanin ayarin tudu, ana fitar da mahmal cikin watan Shawwal, a zaga da shi gari, a fita ta Babun Nasri, ƙofar da Badar al-Jamali ya gina a 1087. A yada zango kwana biyu ko uku a fili bayan gari, wajen da unguwar Abbasiyya take yanzu. Sa'an nan a tashi zuwa Birkatul Hajji.

Birkatul Hajji tafki ne a arewa maso gabas da birni, tafiyar kilomita 17 ko 18, sunansa na farko Birkatul Jubbi. Wannan yanki shi ne ƙauye na gaskiya a duk hanyar, akwai gonaki da dabino da inuwa, ruwa kuma mai daɗi. Nan ake cin kasuwa, nan ake cika salkuna, nan 'yan rakiya ke ban kwana su koma. Wanda raƙuminsa ya nuna gurgunta, nan yake canza shi. Ayari kan tashi daga Birka wajen 27 ga Shawwal, kuma daga nan zuwa Makka ana lissafin kwana 37.

Daga Birka sai Buwaib, ma'anarsa 'yar ƙofa, domin wuri ne matsattse tsakanin tuddai. Daga Buwaib sai Darul Hamra. Daga Darul Hamra sai Ajrud, wadda ke arewa maso yamma da Suwais da kamar kilomita 20. To a nan nauyin hanya yake. Tsakanin Birka da Ajrud kusan kilomita 100 ne, kuma babu rijiyar da ayari zai dogara da ita. Ajrud tana da rijiya, amma ruwanta ɗaci da gishiri gare shi, raƙumi yana sha, mutum kuwa sai dole. Sarki Ƙansuh al-Guri, wanda ya yi mulki daga 1501 zuwa 1516, ya sa aka gina masauki mai ganuwa a Ajrud, haka kuma a Nakhal da Aƙaba, domin tsaron rijiyoyi da ajiyar guzuri.

A Ajrud hanya take rabuwa. Mai bin tudu ya zaga kan teku ta arewa, ya shiga Sina'i, ya nufi Nakhal da Aƙaba. Mai son jirgin ruwa ya gangara Suwais. Suwais ita ma ba ta da ruwan kirki a wancan zamani. Daga nesa ake kawo mata shi, har daga Uyunu Musa a ƙetaren teku, sai a 1863 magudanar ruwan Nilu ta iso ta.

Fasali na uku: wa ke iya binta a dā

Malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kan iko, wanda shi ne sharaɗin wajabcin hajji. A wurinsu iko shi ne mutum ya iya isa ba da wahala mai tsanani ba, yana da aminci a kan ransa da dukiyarsa. Ba su sharɗanta abin hawa ba ga mai ƙarfin tafiya, ba su sharɗanta guzuri ba ga mai sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya. Har makaho sun ce in ya sami ɗan jagora ya shiga cikin masu iko. Mace kuwa sun sassauta mata game da tafiyar ƙasa mai nisa, sun ƙara mata sharaɗin miji ko muharrami ko ayari amintacce. Wannan fahimta tana cikin abin da ya sa mutanenmu suka fita da ƙafa, suna ɗinki da wanzanci da noma a hanya.

Amma ku lura da abin da ya sa ƙafa ta isa. Matafiyi ba shi kaɗai yake ba. Ayari yana da Amirul Hajji da askarawa, yana da ɗan jagora a gaba, da masu tsaron baya waɗanda ke tattara wanda ya gaza. Akwai masu ɗaukar fitilun wuta, domin yawancin tafiya da dare ake yi: a tashi kamar sa'a biyu kafin faɗuwar rana, a sauka bayan hantsi ya soma. Sarakuna da masu hali sun yi waƙafi na raƙuman ruwa da na ɗaukar talakan da ƙafarsa ta mutu. Kabilun Larabawan daji kuma ana ba su kuɗi kowace shekara domin su bar hanya lafiya. Tsoho da mace mai goyo da gurgu sun ratsa hamadar nan ne bisa wannan tsari.

Wanda ya rabu da ayari, ko sarki ne, ya shiga uku. Ibn Khaldun ya ba da labari cewa Mansa Musa, a komowarsa daga Hijaz, shi da mutanensa sun ɓace wa ayari, suka yi ta yawo har suka ɓullo bakin teku wajen Suwais, suna cin kifi in sun samu, Larabawan daji suna ɗauke wanda ya yi baya. Wannan mutum ne da zinariyarsa ta karya kasuwar Alƙahira, amma zinariya ba ta nuna masa rijiya ba.

Fasali na huɗu: yadda hanya ta mutu

A shekarun 1830 da 1840 Turawan Ingila masu zuwa Hindu suka soma ratsa wannan hamada da keken doki, aka gina musu masaukai a jere. Abbas Basha, wanda ya hau mulki a 1848, ya sa aka gyara hanyar, ya kuma gina wa kansa fada a tsakiyarta, a wurin da ake kira Darul Baila. A 1858 jirgin ƙasa ya haɗa Alƙahira da Suwais. A 1869 aka buɗe mashigin Suwais, ya yanke tudun da ayari ke bi zuwa Sina'i. A shekarun 1880 mahmal ya bar hanyar tudu, ana kai shi Suwais a jirgin ƙasa, daga nan a jirgin ruwa zuwa Jidda. A 1926 rikici ya auku a Mina tsakanin masu rakiyar mahmal da Ikhwan na Najdu, daga nan al'adarsa ta yi rauni. Rigar Ka'aba kuwa Masar ta daina aikawa da ita a farkon shekarun 1960. Da ayari ya daina fita, waƙafin ruwa ya tsaya, masaukai suka rushe, 'yan jagora suka mutu ba magada.

Fasali na biyar: halin hanya a yau

Zango na farko, daga Babun Nasri zuwa Birka, yanzu duk cikin gari yake. Tafkin ya ƙafe, gidaje sun hau gonaki, amma sunan Birkatul Hajji yana nan a matsayin unguwa cikin yankin Marj. Mai lafiya zai iya takawa daga Babun Nasri ta Husainiyya da Abbasiyya da Ƙubba da Zaitun da Maɗariyya da Ainu Shams har Marj, cikin sa'a huɗu ko biyar. Ruwa da abinci da masallatai ba sa yankewa. Wahalarsa ita ce cunkoson motoci da ƙura da ƙetare manyan tituna, kuma gefen titi ba daidai yake ba, yana da hawa da sauka, wanda ke wahalar da makaho da mai keken guragu. Sauƙinsa kuwa, layi na ɗaya na jirgin metro yana tafe kusa da wannan hanya, yana tsayawa a Maɗariyya da Ainu Shams da Izbatun Nakhli da Marj, yana kuma da taragu na mata. Tsoho ya taka gwargwadon ƙarfinsa, in ya gaji ya hau.

Daga Birka zuwa gabas magana ta sake. Inda raƙuma ke bi, yanzu babban titin Alƙahira zuwa Suwais ne, na motoci masu gudu da manyan motocin kaya, ba a yi shi don mai ƙafa ba. A gefensa an gina sababbin garuruwa kamar Shuruƙ da Madinati da Badar, daga kudu da shi kuma akwai sabon birnin mulki da aka shelanta a 2015. Jirgin lantarki da aka buɗe a 2022 yana tashi daga tashar Adli Mansur ya ratsa Shuruƙ da Badar. Abin da ya rage na hamada, da yawansa filin soja ne ko na kamfani mai shinge, kuma baƙon da aka gani yana yawo a can ba takardar izini, tsare shi za a yi. Mota kuwa tana kai mutum Suwais cikin kamar sa'a biyu.

Ga lissafi ga mai taurin kai. Mai kaya a ka yana yin kilomita 4 a sa'a. Kilomita 100 sa'a 25 ke nan, wato dare uku da ɗan ƙari in yana yin sa'a takwas kowane dare. Mai tafiyar hamada yana bukatar ruwa lita 4 a yini ko fiye, da bazara kuwa ya ninka. Kowace lita nauyin kilo ɗaya ce. Ke nan tun bai ɗauki abinci da bargo ba, ruwan kwana uku ya riga ya danne shi. Daga Maris zuwa Mayu iskar Khamsin tana tasowa da zafi da ƙura har ta rufe ido. Da hunturu kuma sanyin dare yana kama ƙashi.

Kada wani ya ce wannan tsoratarwa ce. A hajjin 2024 hukumar Saudiyya ta ba da sanarwar mutuwar mutum 1,301, ta ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin hajji, sun yi doguwar tafiya cikin rana ba inuwa ba wurin hutawa. Da yawa cikinsu daga Masar suka tashi. Abin da ya same su shi ne abin da ke samun wanda ya fita daga ayari tun zamanin dā, domin izini a yau shi ke ba mutum tanti da mota da ruwa.

Fasali na ƙarshe: shawara

Wanda ke son ganin sawun magabata, ya tsaya ga zango na farko. Ya zaɓi lokacin sanyi, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya fita bayan asuba, ya ɗauki fasfo da takardar zamansa, kada ya ɗauki hoton wurin soja ko na 'yan sanda. A tafi cikin jama'a, a sa mai ƙarfi a baya kamar yadda ayari ke yi, a yi tafiya da saurin mafi rauni. Dattijo da mai ciwon sukari ko na zuciya, su hau jirgi zuwa Marj su jira 'yan'uwa a can. A 2015 kuma an buɗe wa masu son hamada kanta hanyar ƙafa ta kudancin Sina'i, wadda kabilun wurin suka jagoranta da raƙumansu da sanin rijiyoyinsu. Can ma ba a shiga ba sai da ɗan jagora.

Mai niyyar hajji ya nemi izini ta hukumar alhazai, ya bi jirgi ko mota tare da jama'arsa. In bai samu ba, malamai sun ce farali ba ya kansa har sai iko ya zo.

Wanda takardar nan ta iso hannunsa, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, ya kwafa ya miƙa wa na gaba, musamman samarin da suka iso bana. Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta tsakanin Birka da Ajrud, ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya. Amin. Tammat.